GAMMON BABA TSOHO: SOJAN BURMA DA BAI TAƁA HARBA BINDIGA BA

'Yan uwana mata, musamman ku 'yan makaranta masu aiko mini da wasiƙu kuna cewa in ƙara muku labarin soyayya. To yau kam ku yi mini haƙuri, ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, labarin gidanmu ne a Tsafe, labarin kakana wanda ya haifi mahaifina, wanda duk gida da unguwa muke kira Baba Tsoho, Allah Ya jiƙansa. Amma kada ku yi saurin juya shafi, akwai soyayya a ciki, irin wadda ni da nake rubuta littattafai har yau ban iya ƙaga kamarta ba.

Tun ina 'yar firamare na san cewa kakana tsohon soja ne, cikin mazan jiyan da ake ce wa 'yan Burma. Ni kuwa da rawar kai, kullum sai na cika ƙawayena da ƙarya a makaranta, in ce kakana shi kaɗai ya kashe Jafanawa ɗari, in ce harsashi ba ya cinsa. Da na dawo gida sai in same shi a zaure kan buzunsa, in ce, "Angona, yau sai ka gaya mini mutum nawa ka harbe." Sai ya yi murmushi ya shafa sanƙonsa ya ce, "Amarya, tahi ki ɗebo min ruwa, labarin yaƙi ba ya ƙosar da mai jin yunwa." Iyakarta ke nan. Haka muka yi ta yi har na shiga sakandare, ni kuma hankalina ya koma kan ƙawaye da karance-karance, na daina zama wurinsa. Ina aji biyu Allah Ya karɓi abinSa.

ABIN DA MUKA TARAR A CIKIN ADAKA

Bayan an yi sadakar arba'in aka buɗe wata tsohuwar adakarsa ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gado, wadda ba wanda ya taɓa ganin cikinta sai matarsa ta fari, wato Kaka. Mu yara duk mun zaci kuɗi ne ko bindiga. Ashe ba ko ɗaya. Abin da ke ciki shi ne takardar sallamarsa daga soja duk ta yi ja, da lambar yabo mai siffar tauraro, da wasu wasiƙu guda huɗu na ajami a ɗaure da zare, da wani ɗan ƙyalle mai zanen masu biyu a gicciye bisa wani abu kewayayye. Can ƙasa kuma sai ga wani tsohon gammo na tsumma, ya yi baƙi ƙirin don tsufa.

Na ɗauki gammon da yatsu biyu ina dariya, na ce, "Kaka, wannan kuma shara ce aka adana?" Sai ta fizge shi daga hannuna, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ke kishiya, kama bakinki. Wanga shi ne bindigar mijinki. Bai taɓa harba harsashi ko guda ba, dako ya yi musu hal aka ƙare yaƙi."

Wallahi 'yan uwa, ba zan ɓoye muku ba, kunya ce ta kama ni. Wai ashe jarumin da nake tinƙaho da shi ɗan dako ne! Na yi kwanaki ban sake tayar da maganar ba. Sai bayan na gama sakandare na fara rubuce-rubuce, sannan na koma na durƙusa gaban Kaka na ce ta ba ni labari tun daga farko, na kuma shiga neman littattafan tarihi don in gane abin da take faɗi. A nan ne na san cewa ni ce abin jin kunya, ba shi ba.

YADDA AKA TAFI

Yaƙin Duniya na Biyu ya fara a 1939, lokacin muna ƙarƙashin Turawan Ingila, Tsafe kuma tana cikin Lardin Sakkwato, don ita Jihar Zamfara sai a 1996 aka ƙirƙiro ta. A 1942 Jafan ta ƙwace ƙasar Burma daga hannun Ingila, ta doso iyakar Indiya. Burma ita ce aka sake wa suna Myanmar a 1989. Ƙasa ce mai duwatsu da ƙungurmin daji da koguna, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Sai Turawa suka ga cewa sojojinsu na Afirka ta Yamma za su yi musu amfani a can, suka kafa manyan runduna biyu a 1943, ta 81 da ta 82, da mutanen Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Mutanen Arewa suna da yawa ƙwarai a ciki, har Hausa ce harshen bariki a bataliyoyin Nijeriya, su kansu hafsoshin Turawa sai da suka koye ta.

Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman samari. Wasu don kansu suka je saboda albashi da kayan sarki, wasu kuma nuna su aka yi ba yadda za su yi. Kaka ta ce shi Baba Tsoho wansa aka nuna, wan kuwa yana da 'ya'ya uku, sai ya tashi ya ce shi zai tafi a madadinsa. A lokacin watansu bakwai da aure, ko lallen ƙafarta bai gama gogewa daga farce ba. Ya tafi tare da wani amininsa da suka yi kaciya rana ɗaya. A tashar jirgin ƙasa ta Tsafe aka saka su, a layin nan da ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, wanda ya isa Kaura Namoda a 1929. Kaka ta ce kunya ba ta bar ta ta je tasha ba, sai dai ta tsaya bayan danga tana jin kukan jirgi har ya ɓace.

Runduna ta 82 ya faɗa, wadda ta bar Afirka ta Yamma a jiragen ruwa a 1944. Ku duba fa, mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne gulbi da tafkin damina, yau ga shi makonni a kan teku, ba tudu ba itace, abinci ba ya zama a ciki saboda tangaɗin jirgi. Ya taɓa gaya wa Kaka cewa abin da ya fi damunsu shi ne alƙibla, don jirgi yana juyawa gabas tana sauyawa, sai su dubi rana su yi niyya su kabbarta.

SOJA MAI GAMMO

Yanzu ga bayanin wannan ɗan ƙyalle da muka gani. Kowace runduna tana da tambarinta da ake ɗinkawa a kafaɗa. Ta 81 gizo-gizo ne baƙi, shi dai Gizon tatsuniya, wanda mutanen Gana ke kira Ananse. Ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammon ɗan dako. Kun ji fa, gammo! Wato su kansu manyan sojan sun san cewa da ba don masu ɗaukar kaya ba, da rundunar ba ta yi taku ɗaya ba.

Dalili shi ne, a yankin Arakan inda suka yi yaƙi, yawancin wurare mota ba ta shiga. Jirgin sama ne ke jefo abinci da harsashi da lema, daga nan kuma sai kan ɗan Adam. Saboda haka aka ware dubban sojoji musamman don dako. Su ne masu ɗaukar akwatunan harsashi, da gutattsarin igwa, da na'urar waya, da magunguna, su hau dutse su gangara, su ratsa kogi ruwa iya wuya. Su ne masu sare daji su buɗe hanya, su ne kuma masu ɗauko wanda aka harba su kai shi wurin likita. Da yawansu ba su da makami sai adda. To ku gaya mini, tsakanin mai bindiga da zai iya kwantawa ya rama, da wanda ke tsaye da akwatin harsashi a ka ana ruwan wuta, wa ya fi shiga haɗari?

A watan Disamba na 1944 rundunarsu ta kama garin Buthidaung a bakin kogin Kalapanzin, a Janairun 1945 kuma suka haɗu da runduna ta 81 aka kama Myohaung, tsohon babban birnin Arakan. Daga nan suka nausa kudu ta wuraren Tamandu da Letmauk da An. A wannan karo kaɗai runduna ta 82 ta yi asarar mutum 2,085 tsakanin waɗanda aka kashe da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Ban da zazzaɓin cizon sauro da atini da matsattsaku masu shan jini.

Waɗannan sunaye masu wuyar faɗi, kuna jin su kullum ba ku sani ba. Barikin Kalapanzin a Kaduna, barikin Letmauk a Ibadan, barikin Arakan da Myohaung da Tamandu a Legas, duk daga Burma aka samo su. Har barikin Dodan, inda shugabannin ƙasar nan suka zauna kafin a koma Abuja a 1991, sunan wani wuri ne a Burma. Barikin Chindit na Zariya kuwa sunan wata runduna ce ta musamman ta Janar Wingate, wadda bataliyoyin Nijeriya uku suka yi yaƙi a cikinta a 1944, a bayan layin Jafanawa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda aka naɗa a 1944, da kansa ya je har can ya gano sojojinmu.

A wani hawan dutse ne aka harbi aminin Baba Tsoho a ciki. Ya sauke kayansa, shi da wasu mutum uku suka ɗauke shi a kan makarar gora, suka yi kwana biyu suna tafiya da shi. Kafin su isa wurin likita rai ya yi halinsa. Abin da ya faɗa na ƙarshe shi ne a kula masa da tsohuwarsa da ɗansa da ya bari a goye. Can suka haƙa rami da adda suka rufe shi. Kusa da birnin Yangon akwai maƙabartar sojoji ta Taukkyan, inda aka rubuta sunayen mutum kusan 27,000 waɗanda ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma. Kullum na tuna sai in ce, Allah sarki, wata uwa a Zamfara ta mutu tana duban hanya.

ITA KUMA KAKA A GIDA

To mu dawo Tsafe mu ga amarya. Shekara ta farko wasiƙa biyu ta samu, ta biyu ma biyu, daga nan shiru kamar an shuka dusa. Ita ba ta iya karatu ba, sai ta ba ƙanenta ya kai wa malamin unguwa ya karanta, ya dawo ya faɗa mata abin da ya riƙe. Labarin yaƙi kuwa sai abin da masu karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo suka faɗa a bakin kasuwa, jaridar nan da aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta.

Da aka kawo labarin rasuwar amininsa, sai gari ya ɗauka cewa tare suka mutu. Nan fa masu so suka fara aike. Akwai wani mai sayen gyaɗa, mai keke sabo fil, wanda ya dinga aiko da goro da turare gidan iyayenta. Gwaggonninta suka sa ta gaba, wai ƙuruciyarta za ta ƙare a jiran gawa, ta je wurin alƙali a raba auren. Da aka tambayi malamai suka ce a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan jira shekara huɗu bayan ta kai ƙara an bincika, sannan ta yi idda. Ita kuwa ta ce ko ƙarar ma ba za ta kai ba. Na ce, "Kaka, son shi kike yi haka?" Ta harare ni ta ce, "Ji 'yar banza! Mu a zamaninmu wa ka faɗin wagga magana? Ni dai na san mutumin da ya tahi don ɗiyan wansa su samu uba, ba ni ce zan ba shi kunya ba."

Jafan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, bayan Amurka ta jefa bama-baman nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Amma sojojinmu ba su samu jiragen dawowa da wuri ba, yawancinsu sai a 1946. Dawowarsu ce ta sa Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa mai suna Maraba da Soja. Kaka ta ce tana surfe da hantsi ta ji yara suna ihu, sai ga mutum ya yi sallama, ya rame ya yi baƙi, gashin tsakar kansa duk ya zube saboda kaya. Taɓarya ta faɗi daga hannunta, ta ruga ɗaki ta rufe fuska, ta kasa ko yi masa sannu da zuwa. Shi kuma kafin ya sha ruwa sai da ya wuce gidan su amininsa ya durƙusa gaban tsohuwar.

DAKON DA YA FI NA BURMA

Abin da aka sallame su da shi bai taka kara ya karya ba. Ba kuma su kaɗai ba ne. A 2019 wani bincike na 'yan jarida ya tono takardun gwamnatin Ingila na 1945, inda aka ga cewa a rundunar Gabashin Afirka farabitin soja Bature yana samun ladan sallama sule 10 a kan kowane watan aiki, baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Wasu 'yan Burma sun samu aikin masinja ko ɗan doka a En'e, wasu tuƙin mota, wasu kuwa hankalinsu bai sake dawowa daidai ba. Baba Tsoho jakuna biyu ya saya da ɗan kuɗinsa, ya koma gona, yana noman gero da dawa da gyaɗa da auduga.

Ya ɗauko tsohuwar amininsa ya gina mata ɗaki a gidanmu, a hannunsa ta cika. Yaron kuma ya riƙe shi, ya yi masa aure, ya yanka masa gona daidai da ta 'ya'yan cikinsa. Wallahi sai da na girma na san cewa wannan baffan namu ba jininmu ba ne. Da wansa ya rasu ya haɗa nasa 'ya'yan ya riƙe. Duk 'yar da aurenta ya mutu a dangi, gidansa take dawowa. Akwai lokacin da ake ɗora tukunyar mutum fiye da arba'in a gidan. A yunwar 1973, da fari ya cinye amfanin gona a Arewa, ya buɗe rumbunsa ya sa aka dinga auna wa kowane ɗaki daidai da yawan bakinsa, shi kuma ya koma cin abinci sau ɗaya a yini, wai shi soja ne ya saba.

Yana da halayensa da muke yi wa dariya. Kafin kiran assalatu ya tashi, ya bi ƙofa ƙofa yana buga sanda kamar mai duba fareti. Ba a zubar da ƙwayar tuwo a gabansa. Idan aka yi tsawa da damina sai ka ga ya yi shiru ya shige ɗaki yana jan carbi. Mu a lokacin mun ɗauka tsufa ne.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar karatun mata. Da gwamnati ta kawo shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, mutane da yawa a wajenmu ɓoye 'ya'yansu mata suka yi. Shi kuwa da kansa ya tasa ƙananan 'ya'yansa mata da jikoki ya kai su aka rubuta. Da abokansa suka yi masa tsiya, sai ya ce a asibitin soja a Indiya mata ya gani suna duba marasa lafiya suna rubutu, kuma ba abin da ya rage musu na mutunci. Wannan shi ne dalilin da ya faɗa wa maza. Na ainihin kuwa Kaka kaɗai ya gaya wa. Ya ce duk wasiƙun nan huɗu wani kofur ne ya rubuta masa, ya kuma san malamin unguwa ne zai karanta, saboda haka bai iya faɗin komai ba sai gaisuwa da tambayar lafiyar iyaye da damina. Maganar da ke zuciyarsa haka ya tafi da ita ya dawo da ita. Ya ce ba ya son wata 'ya tasa ta sake karɓar saƙon mijinta daga bakin wani ƙato.

Da na ji haka na ɗauko wasiƙun na kai wa mai iya ajami ya karanta mini. Gaskiya ne, ba komai sai gaisuwa. Sai dai a ƙarshen kowace ɗaya yakan ce a gaida mai ɗakinsa, a ce mata ta riƙa rufe kaji da wuri. Na tambayi Kaka, ta yi dariya har da hawaye ta ce ai a lokacin ko kaza ɗaya ba su da ita.

KU TAMBAYA TUN SUNA NAN

Ba mu kaɗai muka yi sakaci da labarin mazan jiya ba. Wani Bayarabe mai suna Isaac Fadoyebo an harbe shi a kwarin Kaladan a 1944, wani Musulmi ɗan ƙauye ya ɓoye shi wata tara yana ciyar da shi, amma duniya ba ta san labarin sosai ba sai da ɗan jarida Barnaby Phillips ya yi fim a kansa a 2011, shekara guda kafin ya rasu. Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, daga labaran da mahaifinsa ya ba shi ya rubuta littafinsa Burma Boy a 2007. Samanja Chari Maigumeri kuwa ya yi sa'a an sa wa barikin Lokoja sunansa. Sauran dubbai fa? Kowace ranar 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, a ajiye furanni a saki tantabaru, amma ban taɓa jin an ambaci masu gammo ba.

Kaka ma ta bi mijinta, Allah Ya haɗa su a Aljanna. Da rashin tsaro ya tsananta a ƙauyukanmu, danginmu na karkara suka baro gonakinsu, gidan Baba Tsoho suka nufo, ɗakunan da ya gina su ne suka rufa musu asiri. Mahaifina ne yanzu yake auna hatsi ɗaki ɗaki, kamar yadda ya ga ubansa yana yi.

Don haka 'yar uwa, idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku, yau da daddare ki ajiye waya, ki ɗauki littafi da biro ki zauna kusa da su. Kada ki yi irin tambayar da na yi ta wauta, wai mutum nawa ka kashe. Ki tambaye su wa suka riƙe, me suka rasa, wane alƙawari suka cika. Kuma ranar da samari suka fara sallama a ƙofar gidanku, ki tuna da mai keke da mai gammo, ki dubi wanda zai iya ɗaukar nauyi ba tare da ya yi gori ba.

Gammon yana wurina yanzu, a cikin akwatin da nake ajiye rubuce-rubucena. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kyauta namu zuwan, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.